1911, Hi-Power ko P38: wacce fistol ɗin soja ta cancanci a fara ajiyewa?

Tun da sojojin Ostiriya suka karɓi Glock 17 mai jikin roba a 1982, fistol ɗin ƙarfe zalla ta fara barin ƙugun soja tana komawa akwatin masu tara kayan tarihi. Kasuwarta tana Amurka da Turai ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin bindigogin da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Inda doka ta yarda kuwa, guda uku aka fi muhawara a kansu.

M1911, ƙirar John Browning, ta yi wa sojojin Amurka aiki daga 1911 zuwa 1985, tana ɗaukar harsashi 7 na .45 (kaurin harsashin ke nan a ma'aunin inci). Darajarta tana ga kamfanin da ya ƙera ta. A yaƙin duniya na biyu kamfanin Colt bai iya biyan buƙata ba, sai aka raba aikin. Remington Rand, masu keken rubutu, su suka fi kowa yawan ƙira, shi ya sa tasu ta fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Singer, masu keken ɗinki da kowane tela ya sani, guda 500 kacal suka yi, lambobinsu daga S800001 zuwa S800500. In an kawo maka Singer da araha, jabu ce. Babbar matsalar 1911 ita ce gauraye: lambar tana kan gangar jiki, marfin sama mai zamewa kuwa sau da yawa na wani kamfani ne, don ma'aikatun gyara na soja sun riƙa warware su suna sake haɗawa. Tambari irin AA ko RIA, wato gajerun sunayen waɗannan ma'aikatun, na nuna ta bi ta can. Wannan ba aibu ba ne, tarihi ne, amma kada ka biya kuɗin wadda ba a taɓa ba. Kuma marfin na wancan zamani ba a gasa ƙarfensa duka ba, yawan harbi na iya tsaga shi.

Browning Hi-Power ta fito daga masana'antar FN ta Beljiyam a 1935. Browning ya rasu a 1926, Dieudonné Saive ne ya ƙarasa aikin. Harsashi 13 na milimita 9 abin mamaki ne a lokacin. Ɓangarorin yaƙi biyu duk sun riƙe ta: Jamusawa sun ci gaba da ƙera ta bayan sun mamaye masana'antar, kamfanin Inglis na Toronto kuma ya ƙera wa sojojin ƙawance. Sojojin Birtaniya ba su ajiye ta ba sai 2013, na Najeriya ma sun riƙe ta. Duba ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Kafin 1962 a ciki take, siririya, tana karyewa, kuma samun madadinta wahala ne. Kunamarta na da nauyi saboda makullin da ke hana harbi in an cire gidan harsashi. Wasu masu ita sukan cire makullin, to wannan na rage mata daraja. A ganinmu Hi-Power ce mafi dacewa ga mai farawa.

Walther P38 ta Jamus tana ɗaukar 8, kuma ita ce mafi sauƙin karantawa. Haruffan jikinta na faɗin masana'anta: ac na Walther, byf na Mauser, cyq na Spreewerk, wadda aikinta ya fi kaushi. Lambar gangar jiki da ta marfi da ta bututu dole su zo ɗaya. Waɗanda Rashawa suka kama sun sake musu launi, da yawa da alamar X, kuma sun fi araha. Kada ka rikita ta da P1 ta bayan yaƙi: kamarsu ɗaya, amma jikin P1 alminiyam ne, yakan tsage, har aka ƙara masa wata ƙusar ƙarfe mai kusurwa shida.

Akwai SIG P210 ta sojojin Suwizalan ta 1949, wadda babu mai kushe aikinta sai dai tsada, da CZ 75 ta 1975, mai daɗin riƙo amma ƙarancin tarihin yaƙi.

Ko wacce ka zaɓa, ƙyalli shi ne abin tsoro. Bindigar da ta shekara tamanin ya kamata launinta ya koɗe a gefuna da bakin bututu, inda kube ke gogawa. In baƙinta ɗaya ne tas, rubutun jikinta ya yi lanƙwasa ko ya dushe, an goge ta an sake rini, kuma mai tara kaya ba zai biya kuɗin asali ba. Haska fitila cikin bututun: harsasan zamanin yaƙi na barin gishiri mai jan danshi, ya ci ƙarfen ya bar ramuka. In ka saya, shafa mai kaɗan, kada yashin goga ya kusance ta, kuma kada ka ajiye ta cikin kuben fata, fata na riƙe danshi ta jawo tsatsa.