Moodle a manyan makarantun Kebbi da Zamfara: inda take biyan buƙata da inda take ba da ciwon kai

Sashen da ke son kai darussansa intanet yakan tsaya tsakanin abu uku: guruf na WhatsApp, Google Classroom, ko Moodle. WhatsApp kowa ya iya shi, amma handawut ɗin da malami ya tura da safe kafin la'asar ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa. Google Classroom ya fi tsari, sai dai ƙarfinsa a wajen jarrabawa bai taka kara ya karya ba. Moodle, manhajar da ake ɗora darussa da gwaje-gwaje a kanta ta intanet, ita ce ta fi su nauyi, ta fi su wuyar kafawa, kuma ita ce ta fi dacewa da makaranta mai ɗaruruwan ɗalibai a kwas ɗaya, irin kwasa-kwasan gama-gari na 'yan aji ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda.

Wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar da ita a 2002. Kyauta ce, ba a sayen lasisinta, kowa na iya saukewa ya ɗora a kan sabarsa, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe shafin. Wannan kalma ta "kyauta" ita ke ruɗin shugabannin makarantu. Manhajar ce kaɗai kyauta. Saba, wuta, sola da batura, da ma'aikacin da zai riƙa duba ta kullum, duk kuɗi ne, kuma na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi a kasafi.

Babban abin da ya sa take da daraja a wajenmu shi ne manhajarta ta waya tana aiki ba tare da sabis ba. Ɗalibi zai tsaya inda akwai intanet ya sauke kayan darasi, ya koma ɗakinsa a bayan gari ko ƙauyensu a Zuru ko Anka ya karanta, ya rubuta amsa a dandalin tattaunawa, ya shirya aikin gida. Da wayar ta sake samun sabis sai ta tura da kanta. Wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara a watan Satumba na 2021 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin wannan. Idan ma sabar tana cikin harabar makaranta, ɗalibai na iya shiga ta Wi-Fi na makarantar ko intanet na waje ya ɗauke gaba ɗaya. Sharaɗi biyu ne: mai kula da shafin ya kunna damar shiga ta manhajar waya, kuma ɗalibi ya duba saitinsa, domin idan ya zaɓi a riƙa turawa ta Wi-Fi kawai, aikinsa zai kwana a waya yana zaton ya isa ga malami. A kula kuma: manhajar wayar tana da tsarin kyauta da na biya, kuma na kyautar yana kai sanarwa ga wayoyi 50 ne kacal, don haka wakilin aji da guruf ɗinsa na WhatsApp ba su yi ritaya ba tukuna.

Wahalar farko tana zuwa ne ranar shigar da ɗalibai. Ana jera su a Excel, a ajiye fayil ɗin a matsayin CSV, wato rubutu zalla da aka raba ginshiƙansa da waƙafi, da ginshiƙai huɗu na dole: sunan shiga, sunan farko, sunan mahaifi da imel. Abin da kowa ke yi shi ne sa lambar rajista a matsayin sunan shiga. To lambobin rajistarmu da yawa suna da karkataccen layin nan a tsakani da manyan baƙaƙe, ita kuwa Moodle ƙananan baƙaƙe take karɓa da lambobi da 'yan alamomi kamar ɗigo da karan ɗori. Sai ta share layin a ɓoye, ɗalibi ya yi ta buga lambarsa yadda take a katinsa tana ƙin buɗewa. Maganin shi ne a cire layukan tun a Excel, a rubuta misali ɗaya a allon sanarwa. Shi kansa Excel yana cinye sifilin da ke farkon lamba idan ba a mai da ginshiƙin na rubutu ba, kuma idan ba a ajiye fayil da tsarin UTF-8 mai gane baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba, sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ za su fito kamar rubutun aljanu.

Sai imel. Moodle ba ta yarda mutum biyu su yi tarayya a adireshi ɗaya sai an canza saitin, alhali ɗalibai da dama a shagon kafe aka yi musu rajistar shiga makaranta, da imel ɗin mai shagon. Layi ashirin za su faɗi lokaci guda saboda wannan. Ko an tsallake nan, ranar da ɗalibi ya manta kalmar sirrinsa saƙon gyara zai tafi akwatin da ba shi da makullinsa. Mantuwar kuwa tabbas ce, tunda ƙa'idar da ta zo da ita tana neman haruffa 8 da suka haɗa da babban baƙi, ƙarami, lamba da alama. Ya fi sauƙi a ware mako guda a farkon zango kowa ya gyara imel ɗinsa a ɗakin kwamfuta.

Wajen ɗora kayan karatu, lissafin data shi ne alƙali. Bidiyo mai gudun megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin kusan megabait 450 a awa. Muryar malami kaɗai, idan aka matse ta a kilobit 32, ba ta wuce megabait 15 a awa ba, kuma ana jin ta tangaram. Lakca ta murya a yanka ta minti goma-goma, a haɗa da PDF na allunan bayani, ita ce ta dace da aljihun ɗalibi. Malamin da ya ga an ƙi karɓar fayil ɗinsa kada ya zargi Moodle da sauri: PHP, yaren kwamfutar da take gudana a kai, yana zuwa da iyakar megabait 2 ga kowane fayil, kuma sai an ɗaga ta a saba kafin saitin cikin kwas ya yi tasiri. Haka ma aikin gida: hoton shafi ɗaya daga kyamarar waya ya isa ya haura wannan iyaka. A koya wa ɗalibai haɗa shafukansu su zama PDF ɗaya marar nauyi, in ba haka ba malami zai buɗe hotuna takwas a juye, babu jeri.

Darasin kai-tsaye ta BigBlueButton, manhajar aji ta bidiyo da ta shigo cikin Moodle tun fitowa ta 4.0 a 2022, yana da kyau a takarda. Yana buƙatar sabarsa daban da intanet marar yankewa a ɓangarorin biyu. Ban ba da shawarar a gina zango a kansa ba.

Inda Moodle ta fi amfani shi ne gwajin tsakiyar zango, makin nan 30 ko 40 da ke cinye wa malami makonni yana duba takardu. Ana rubuta tambayoyi a fayil na rubutu zalla da tsarin Aiken: tambaya a layi ɗaya, zaɓuɓɓuka A, B, C, D kowanne a layinsa, sannan layin ƙarshe ANSWER: B da manyan baƙaƙe. Layin da aka bari fanko a tsakiyar tambaya ko tambayar da aka karya gida biyu ya isa ya ɓata shigarwar. Idan malami ya tara tambayoyi 150 ya ce a zaɓo wa kowane ɗalibi 20 a hargitse, leƙen na kusa ya rage amfani ƙwarai. Da an rufe, maki ya fito, a sauke shi a Excel. Har ma tana nuna tambayar da kusan kowa ya faɗi, wadda sau da yawa malam ne ya sa amsar da ba daidai ba.

Nan ne kuma ake yawan kuka. Agogon gwaji a saba yake gudu, ba a waya ba. Sabis ya yanke minti biyar, minti biyar ɗin sun tafi. Moodle tana adana amsoshi duk bayan minti ɗaya, kuma ana iya ƙara wa ɗalibi guda lokaci ko dama ta biyu ba tare da an taɓa sauran ba, amma sai malami ya san inda wannan saitin yake tun kafin ranar. Gwajin da za a yi ba sabis yana yiwuwa ta manhajar waya, da sharaɗin ba a sa masa agogo ba kuma ba ya nuna sakamako nan take, saboda haka na bita ne, ba na maki ba. Idan ɗalibai 800 suka danna farawa a daƙiƙa ɗaya, ƙaramar saba za ta durƙusa. A raba su rukuni-rukuni da tazarar minti goma sha biyar, kuma a sa tambaya biyar a shafi maimakon ɗaya. A duba agogon shafin yana kan lokacin Legas, domin sabar da aka bari a kan lokacin duniya, wanda ke bayan namu da awa ɗaya, za ta buɗe gwajin ƙarfe goma da ƙarfe sha ɗaya. Akwai kuma ɗan aikin bayan fage da ake kira cron wanda ya kamata ya gudana kowane minti. Idan ya tsaya, shafin zai ci gaba da buɗuwa lafiya lau, amma imel ba zai fita ba, gwaje-gwajen da lokacinsu ya ƙare ba za su rufe kansu ba, kuma ba wanda zai lura sai ƙorafi ya taru a ƙofar shugaban sashe.

Gwaji daga gida kuwa, Moodle ba ta da yadda za ta san wa ke riƙe da wayar. Duk abin da makinsa ke da nauyi a yi shi a ɗakin kwamfuta, da mai sa ido da katin shaida, a sa kalmar sirrin da za a faɗa a cikin ɗakin kawai, kuma a tabbatar janareta na da mai kafin a kira rukunin farko.

Ga malamai, fuskarta ta kwamfuta cike take da saituna, shafin shirya gwaji kaɗai ya isa ya sa dattijon farfesa ya rufe ya koma ga alli. Manhajar waya ba ta gina kwas, dole sai da burauza, gara ma a laftof. Bitar yini ɗaya a babban zaure ba ta wadatarwa. Mutum ɗaya a kowane sashe da ya iya shigar da tambayoyi da fitar da maki, wanda abokan aiki za su iya ƙwanƙwasa wa ƙofa, ya fi ta amfani. Sashen da ba shi da irin wannan mutum, ba shi kuma da mai kula da saba, ya fara da Google Classroom na zango ɗaya ko biyu tukuna.