Gidan tausa na wajen Asawase: abin da za ki tarar in kin je

Salamu alaikum 'yan uwa mata, musamman teloli irina da masu wuni a kan benci a kasuwar Kejetia tun safe har la'asar. Akwai wani ƙaramin gidan tausa a nan Kumasi tsakanin Asawase da hanyar Manhyia da nake zuwa tun bayan ƙaramar sallah saboda ciwon kafaɗa da ƙugu, kuma mata da yawa a Aboabo suna tare ni da tambaya wai me ake yi a ciki, wasu ma da raɗa suke tambayar. Toh bari in faɗa a fili kowa ta ji. Wajen yana da kyau kuma ina ba da shawarar a je, amma akwai abubuwan da ba su yi min ba, su ma zan faɗa.

Abin da ya sa na yarda da su shi ne ba sa taɓa jikinki sai sun yi miki tambayoyi. Kina shiga za a ba ki fom, in ba kya karatun boko akwai wata yarinya 'yar Zango da take cikewa tana tambayarki da Hausa, sannan a gwada miki bipi. Kina da hawan jini? Suga fa? Akwai ciki? An taɓa yi miki aiki, yaushe? Kina shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin? Dan Allah ki faɗi gaskiya ko da cikin bai fito ba kuma ba kya son a sani, domin da amsarki suke sanin inda za su danna da inda za su bari. Mai zazzaɓi ko mai ɗanyen ciwo a fata cewa suke ta je ta warke tukun. A gabana wata dattijuwa ta zo ƙafarta ɗaya ta kumbura daga ƙwauri, ta yi zafi jau, tana so a murza mata, mai wajen ta duba ta ce Mma ki yi haƙuri wannan ba tamu ba ce, ki wuce asibitin Manhyia yanzun nan. Tsohuwar nan ta yi ta faɗa wai ta ɓata kuɗin pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, a banza amma ko sidi ɗaya ba su karɓa ba. Dalilin shi ne irin wannan kumburin yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa. Wallahi mu nawa ne a gida za mu ɗauko man zafi mu hau murza wa iyayenmu irin wannan ƙafar da niyyar taimako.

Maganar sutura kuma, wadda na san ita ce a ran kowa. Mace ce take yi wa mace, ɗakin maza daban yake a ƙasa kuma namiji ne a can, ƙanin maigidana direban pragya ne shi ya tabbatar min. Mai tausar za ta nuna miki gado mai rami a wajen kai inda za ki sa fuska in kin kifa ciki, ta ba ki babban tawul, ta fita ta ja ƙofa, sai ta ƙwanƙwasa kin amsa take dawowa. Iya abin da ranki ya kwanta da shi za ki cire, ni da dogon wandona da ɗankwalina nake kwanciya. Inda take aiki kaɗai take buɗewa, in ta gama baya ta rufe sannan ta koma kafaɗa. In kin ce kar a taɓa wani waje shikenan an bar shi, ba sai kin yi bayani ba.

Suna da na minti 30, na 60 da na 90, kuma kala biyu ne, mai laushi na hutu da mai zurfi na masu ciwo irina. Da tafin hannu take farawa tana shafa mai daga ƙugu zuwa wuya a hankali har naman ya ɗumama, sannan ta shiga da babban yatsa, wani lokacin har da gwiwar hannu, tana bin gefen allon kafaɗa inda naman ya cukuikuye kamar zaren da ya harɗe a ƙasan keke, ta danna ta tsaya, ta ce ki ja numfashi ki sake, sai ki ji wajen yana saki a hankali har cikin hannu. Can kuma za ki ji ta ce Hajiya hannun ya yi nauyi ne? A nan nake roƙonku ku buɗe baki. Mun taso da tunanin in abu bai yi zafi ba bai yi aiki ba, muna daurewa kamar a hannun mai ɗori, alhali tausa ba haka take ba. Zafin da za ki iya numfashi a cikinsa babu laifi, amma in kin fara cije haƙori kina ƙanƙame gado toh naman ƙara ɗaurewa yake, gobe ki tashi da tabon jini a ƙarƙashin fata. Ki ce a rage, ba za ta ji haushi ba, aikinta kenan. Mansu ba shi da ƙamshi mai hawa kai, amma in fatarki ba ta son baƙon mai ki tafi da man kaɗenki na gida, suna karɓa.

Kar ki ci waakye, wato shinkafa da wake, ki ƙoshi sannan ki je, kwanciyar rub da ciki ce. Ki sa tsohuwar riga saboda mai yana ɓata atamfa. In an gama kar ki zabura ki miƙe, ki ɗan zauna a bakin gado domin jiri yana iya ɗibanki. Jiki zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu musamman bayan mai zurfin nan, wanka da ruwan ɗumi yana taimakawa, baccin daren ranar kuwa sai wadda ta gwada.

Amma fa kar wadda ta je da tunanin an gama da ciwo. Sauƙin yana ɗaukar kwanaki, in kika koma irin zaman da kike yi a kan keke ciwon zai dawo, mai tausar da kanta ta faɗa min haka, ta ce in daidaita tsayin kujerata, in riƙa tashi ina taka ƙafa duk bayan rabin awa, ta kuma nuna min yadda zan riƙa miƙar da wuya da kafaɗa. Ta ce tausa ba ta gyara ƙashin baya da ya samu matsala kuma ba ta warkar da shanyewar ɓarin jiki. In ciwon baya yana sauka ƙafa har ta mutu ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari ya fara kufce miki, wannan babban asibitin Komfo Anokye za ki nufa kai tsaye. Kuma mai tausa daban, ma'aikacin fisiyo, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, daban. Su 'yan fisiyo na asibiti hukumar Allied Health Professions Council ce take musu rajista ƙarƙashin dokar 2013, masu maganin gargajiya kuma suna da tasu hukumar, Traditional Medicine Practice Council, da dokar shekarar 2000 ta kafa. Duk gidan da kika shiga ki ɗaga kai ki duba bango, in babu satifiket ki tambaya, haƙƙinki ne.

Toh ga abin da bai yi min ba. Kuɗin da nauyi gaskiya ga mai ƙaramar sana'a, kuma katin inshora ba ya aiki a nan, tsabar kuɗi ne ko momo, wato tura kuɗi ta waya. Awa ɗayan da kika biya har da cike fom da canza kaya a ciki ranar farko, ya kamata su faɗa tun a waya. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wadda take zama a kantar da ke bakin ƙofa, kina fitowa jiki a sake za ta tare ki da kwalbar wani jiƙo wai tausa ta taso da guba sai kin sha ki wanke ta. Wannan magana ba ta da tushe, hanta da ƙoda su ne masu tace jini kuma ba sa jiran kwalbar kowa, abin takaici ne wajen da ake faɗa wa mutane gaskiya a ciki a zo ana yi musu haka a bakin ƙofa. In aka ɗauke wuta kuma fanka ta tsaya ɗakin yana zafi sosai. Asabar cika yake, ki kama lokaci ta WhatsApp tun da wuri, safiyar Talata ko Laraba ta fi sauƙi.

Sai matakalar bene, ta miƙe da yawa kuma ɗakin mata a sama yake, alhali iyayenmu masu ciwon gwiwa su ne suka fi bukatar wajen. Na yi wa mai wajen magana ta ce suna tattaunawa da mai gidan a ba su ɗaki a ƙasa. Kafin nan in tsohuwa za ki kai gara ki kira su, suna zuwa gida da gadonsu na naɗewa, sai dai za ki ƙara kuɗin mota a kai.