Tayar da na sa wa tsohuwar Marsandin Baba, bayan wata takwas a titin Legas

Tun da na sa hoton motar nan ranar ɗaurin auren ɗan ƙanwata a Agege mutane suke ta tambayata wace taya ce a ƙafarta, wasu kuma cewa suke wai me yasa na cire manyan rim ɗin da suka ganta da su bara, ai ta fi kyau a haka. Toh bari in amsa sau ɗaya in huta, dan wlh na gaji da maimaita zance a waya: Michelin Energy XM2+ ce a ƙafarta, ga kuma yadda aka yi.

Motar dai 300SE ce, samfurin W126 ƙirar 1988, ta Baba ce Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado kowa ya kauda kai wai tsohon ƙarfe ne mai shan mai, ni na ce a bar mun ita a cikin kasona. Wanda bai santa ba, ita ce babbar yayar V-Boot, Marsandi sun yi ta daga 1979 zuwa 1991, a zamaninta in ka ganta a ƙofar gida ba sai ka tambaya waye mai gidan ba. Na farko-farkon da rim 14 suka zo, daga gyaran da aka yi musu a 1985 aka koma 15, tawa tana cikin na bayan, lambar tayarta ta asali 205/65 R15, rim ɗinta kuma wannan mai huji goma sha biyar ɗin ne da ya yi kama da faifai.

Laifin farko nawa ne, ko in ce na ƙanena amma ni na biye masa. Kullum sai ya ce "Yaya motar nan fa ta yi kama da ta 'yan fansho, ka sa mata rim 17 ka ga yadda za ta fito." Sai da ya kai ni kasuwar kayan mota ta Ladipo da kansa muka samo rim na wata sabuwar Benz, tunda hujin notinsu biyar ne iri ɗaya suka zauna, aka ɗora musu taya 225/45 R17 tokunbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, mai shagon yana ta rantsuwa wai "Alaji wannan ko wata shida bata yi a Jamus ba." Gaskiya a tsaye ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, har yaran layinmu suna zuwa ɗaukan hoto. Amma ranar da na fara hawa titin Ipaja da ita na san na yi ɓarna. Duk wani tsakuwa sai ka ji shi a ƙugunka, sitiyari yana bin duk wani tsagi na kwalta kaman akwai wanda yake jansa, dashbod ɗin da shekara talatin da wani abu bai taɓa ƙara ba ya fara kaf kaf kaf. Na ɗauko Hajiya zan kai ta asibiti duba hawan jini, ko Pen Cinema bamu kai ba ta ce "Kai ɗan nan, wai motar mahaifinku ce wannan ko a amalanke ka sako ni?" Ban ce komai ba, me zan ce.

Ban cire ba fa duk da haka, taurin kai, kuɗi na kashe. Sai da damina ta zo, wani dare ina dawowa daga Apapa ruwa ya rufe titi na faɗa wani rami da ban gani ba wajen Oshodi, da safe na duba tayar gaba ta dama ta yi ƙululu a gefe kaman ƙwan agwagwa, rim ɗin kuma ya lotsa ta ciki. Na kai wa makanikina, wani dattijo Bayarabe a Mushin wanda tun Baba yana raye shi yake taɓa motar, Hausarsa ras dan ya yi zaman Kano da Zariya. Ya zagaya ta sau biyu bai yi magana ba, sannan ya ce "Alaji ƙarami, wa ya sa wa tsohuwa takalmin 'yan ƙwallo?"

Shi ya zaunar da ni ya mun lissafin da har yau yake kaina. Lambar tsakiyar nan, 65 ɗin, ita ce kaurin gefen taya, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗinta. In ka buga 205 sau 0.65 zai baka milimita 133 na roba da iska tsakanin rim da ƙasa. Wadda na sa kuma 225 sau 0.45, milimita 101 kenan. Sama da santimita uku na cire, kuma wannan santimita ukun rabin laushin motar a cikinsa yake, dan waɗanda suka ƙera ta sun auna sifirin da shokozoba ne da tunanin akwai wannan katifar a ƙasa, kai kuma ka zo ka zare katifar ka bar gado da katako sannan kana mamakin ciwon baya. Ga shi sitiyarinta irin na da ne mai akwati, ba irin na motocin yanzu ba, faffaɗar taya wahalar da shi take, su bushin, wato robobin mahaɗan ƙafar mota, da taya-rod, sandar da ke juya taya, duk su suke shan dukan. A ranar sai da ya nuna mun bushin biyu da suka tsage, waɗanda shi da hannunsa ya canja su shekara biyu baya.

Allah ya taimake ni ban sayar da tsoffin rim ɗin ba, suna sito an ɗora musu buhunan gawayi. Aka wanke aka fesa musu fenti ruwan azurfa, sai neman taya.

Nan ne abin dariyan, ni ina tunanin lambar tsohuwar mota za ta yi wuyar samu, ashe 205/65 R15 ita ce lambar Camry ɗin nan da ake ce wa Big Daddy, ka ga kuwa a Legas ko ido rufe ka jefa dutse sai ya faɗa kanta. Toh amma yawan nata shi ne kuma matsalar, kowane tarkace akwai shi a wannan lambar, sunaye kala-kala da baka taɓa ji ba, da tokunbo da aka shafe da baƙin mai tana ƙyalli kaman sabuwa. Kuma mutane da yawa basu san tayar mota da aka yi amfani da ita tana cikin jerin kayan da Kwastan suka hana shigowa da su ba, amma je ka ga yadda aka jibge ta kaman dalar gyaɗa. Wani abin takaicin, ƙasar nan da muna yin taya da kanmu, Michelin suna da masana'anta a Fatakwal suka rufe a 2007, Dunlop na Ikeja ma suka daina a 2008, tun daga nan komai sai an shigo da shi, shi yasa duk sanda dala ta yi tari taya sai ta kama mura.

Abin da na koya na duba kafin zancen kuɗi ma shi ne ranar haihuwar taya. A gefenta akwai inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe zaka ga lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. Da na koma na duba tokunbon da aka rantse mun wata shida ce, 1814 na gani, wato ta kusa shiga sakandire. Safayar da ke but kuwa da na ɗago ta lamba uku ce kawai a jikinta, irin rubutun da ake yi kafin shekarar 2000, zanenta cif ko taɓa ƙasa bata yi ba amma robar ta bushe ta yi tsatstsage kaman faso, inaga tun Baba yana zuwa Kano da ita take kwance a wurin. 'Yan Road Safety ɗinmu shekara huɗu suke cewa daga ranar da aka yi ta, su Michelin kuma cewa suke daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta bai suɗe ba. Wannan ya fi shafar irin motocinmu, dan ba kullum muke hawa ba, ni daga Juma'a sai biki sai ranar da nishaɗi ya motsa, toh taya bata ƙarewa da tafiya, tsufa ne yake kashe ta a tsaye, ga ranar Legas ga danshi.

A ƙarshe Michelin Energy XM2+ na ɗauka guda biyar har da safaya, a wajen dila mai bada rasit, ba bakin titi ba, kuma sai da na sa yaron shagon ya fito da su ɗaya bayan ɗaya na karanta lambar kowacce, duk watanninsu bai wuce bakwai ba. Yana ta mita wai "Oga duk ɗaya ne", na ce eh na ji, juyo mun da waccan. Na duba lambar nauyi 94 ce, wato kowace ɗaya tana ɗaukan kilo 670, kar ka yarda a baka ƙasa da abin da littafin motar ya ce dan motar nan ba ƙaramin nauyi gare ta ba. Harafin da ke bin lambar kuma na gudu ne, H kilomita 210 a awa, V kuma 240, ba wai zan yi wannan gudun a Ikorodu Road bane, ina ma hanyar take, amma dai ka tsaya a kan harafin da aka rubuta wa motarka. Kuɗin kam ya ji jiki, kuɗin ɗaya zai saya maka tokunbo kusan saiti guda, sai da na ɗaga gyaran esi zuwa wani watan.

Toh ya take a hanya? Wlh ranar da aka gama alaimen da balansin na hau gadar Third Mainland sai da na kashe rediyo dan in ji. Mahaɗan gadar nan da da suke dukana dum dum yanzu sai dai ka ji su can ƙasa kaman ana buga ƙofa a gidan maƙwabta. Sitiyari ya dawo yana tafiya miƙe, da yatsa biyu zaka riƙe ta, ƙaran dashbod ɗin ma ya ɓace ba tare da an taɓa shi ba. Gwajin gaske shi ne da muka je unguwar Sabo a Ibadan gaisuwar rasuwa mu biyar a ciki, a dawowa ruwa ya kama mu tun daga Shagamu har Kara, irin ruwan da waifa bata gani, wata tirela ta taka birki a gabana ba shiri nima na taka, motar ta tsaya a miƙe bata ja gefe ba bata yi sulɓi ba. Kawuna da ke gaba salati kawai yake, da muka wuce ya ce "Ɗana wannan birkin naka da kyau yake", na ce Kawu taya ce. Ramuka kuwa na faɗa ba adadi a wata takwas ɗin nan, Legas ce, har yau ba ƙululu ba lotsawa, faci ɗaya na yi shima ƙusa ce na taka a wajen wani gini a Ogba.

Abin da zan ce a rage, ba na tayar bane, na lambar ne: in ka sha kwana da gudu zaka ji motar ta ɗan kwanta, ba kaman lokacin 17 ɗin ba da take manne da ƙasa. Wanda yake son yankan kwana irin na yara ba motarsa bace wannan tun asali. Sannan zanenta na zamani ne, wanda yake son komai ya zama na wancan zamanin sak, musamman masu rim 14, akwai irin su Michelin XWX da har yanzu ake yi dan tsoffin motoci a lamba 205/70 VR14, sai dai oda ake yi daga Turai kuma kuɗin ba na wasa bane. Wani abokina ma cewa ya yi in sa mai farin gefe irin na motocin sarakuna, na ce a'a, wannan kwalliyar Cadillac ce da tsoffin motocin Amurka, a jikin Bajamushiyar 1988 kaman ka sa wa liman hular kaboyi ne.

Sai maganar iska, dan nan ma ana kashe sabuwar taya. Mai facin bakin titi in baka tsaya a kansa ba 45 ko 50 zai ɗura maka, in ka yi magana ya nuna maka lambar da ke jikin taya, alhali waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ne ba abin da motar take so ba. Na Marsandi a cikin murfin tankin mai yake a rubuce, buɗe ka gani, nawa talatin da 'yan kai ne, na baya ya ɗan fi na gaba. Na sayi geji ɗina na aljihu ina aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, kuma ko ba inda zani duk sati sai na zagaya da ita unguwa dan kar ta kwana wuri ɗaya ƙasan tayar ya baje.

Rim 17 ɗin suna nan guda uku masu lafiya da ɗaya lotsattse, na ce wa ƙanena ya zo ya kwashe kayansa tunda shi ya ga kyansu, har yau bai zo ba. Hajiya kuwa satin da ya wuce na kai ta Idi-Araba wajen ƙanwarta, kafin mu kai Maryland ta yi barci a baya, sai da na tashe ta a ƙofar gidan.