Fitilar jinjirin wata mai kyanwar Sailor Moon: inda ta yi daidai da inda ta gaza

A wani shagon kayan kyauta da ke Wuse 2 a Abuja ana sayar da wata fitilar ɗaki mai siffar jinjirin wata, da baƙar kyanwa zaune a cikin lanƙwasarsa, kuma mai shagon ta shaida mini cewa yawancin masu saye suna ɗauka kayan adon azumi ce. Ba za a ga laifinsu ba, domin a wurinmu jinjirin wata yana tuna daren duban wata da jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Sai dai wannan fitila asalinta katun ɗin Japan ne, irin wanda ake kira anime, kuma da ma'aunin wannan labari ya kamata a auna ta.

Kyanwar ita ce Luna ta labarin Sailor Moon, wanda marubuciya Naoko Takeuchi ta fara fitarwa a mujallar Nakayoshi a ƙarshen 1991, sannan kamfanin Toei ya mayar da shi shirin talabijin mai kashi 200 daga 1992 zuwa 1997. A farkon labarin, Usagi Tsukino, 'yar makaranta mai shekara 14, raguwa mai saurin kuka, ta ɓare filastar da aka manna wa kyanwar a goshi, sai jinjirin wata mai ruwan zinare ya bayyana. Daga baya ne aka gane cewa yarinyar gimbiya ce, Serenity, magajiyar wata masarauta da ta taɓa kafuwa a duniyar wata, kuma ita ma alamar tana fitowa a goshinta. Jinjirin a nan yana aiki ne kamar tsagar gado, wadda da ganinta ake sanin gidan da mutum ya fito. Abin da ya ƙara tabbatar da haka shi ne dangin maƙiyanta na Baƙin Wata, waɗanda nasu jinjirin baƙi ne kuma a kife yake.

A wannan fanni wanda ya ƙera fitilar ya san abin da yake yi, domin alamar goshin Luna ruwan zinare ce kuma ƙahonninta sama suke kallo. Ya kuma sa ɗan zomo riƙe da taɓarya a gindin fitilar, abin da ke nuni ga tatsuniyar Japanawa cewa inuwar da ake gani a jikin wata zomo ne yana dakan shinkafa a turmi, tatsuniyar da marubuciyar ta jingina jarumarta da ita. Na yaba wannan kulawa ƙwarai, musamman da na duba maƙalan makulli da ake sayarwa a shagon, na tarar an buga jinjirin wasunsu a kife, wato an ba kyanwar tambarin abokan gaba ba tare da an sani ba.

Hasken iri uku ne. Farin da mai ruwan ɗorawa suna da laushi, ba sa kashe ido, kuma sun dace da ɗakin yara idan an ɗauke wuta. Na ukun, wanda ke sauyawa tsakanin ja da kore da shuɗi, ɓata tsarin kawai yake yi, domin watan wannan labari na azurfa ne da zinare, ba shi da haɗi da fitilun wurin biki. Ba fitilar karatu ba ce ko kaɗan, kuma idan aka ƙure haskenta bayan sallar isha'i, da wuya cajinta ya kai tsakar dare.

Babban aibinta shi ne gindin, wanda ya yi ƙanƙanta ga nauyin jinjirin, ta yadda ƙaramar tura za ta kayar da ita, ga shi kuma robar ba ta da kauri. Kuɗinta ya ninka na fitilar caji ta yau da kullum, saboda haka wanda haske kawai yake nema ya fi masa ya sayi waccan. Masu shagon suna barin mutum ya kunna ta kafin ya biya, amma ba sa karɓar kaya idan an fita da su, don haka mai saye ya gwada maɓallin sau da yawa, ya duba fentin goshin kyanwar, ya kuma tabbatar akwai wayar caji a cikin kwalin, domin ba kowane kwali ke zuwa da ita ba.