Ɓuntun shinkafa a lambuna: abin da buhu ashirin ya rufe da abin da ya bari a buɗe

Lambuna yana bayan ƙauyenmu a ƙasar Bunkure, a tudun da ruwan madatsar Tiga ba ya kaiwa ta magudana, saboda haka da rijiya da injin ban-ruwa nake noman rani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk sa'ar da injin ya yi yana ruri a bakin rijiya sai na ji ta a aljihu, musamman daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da za a shayar da komi da safe a dawo da la'asar a tarar fuskarsa ta bushe ta tsattsage. Wannan ne ya sa na saurari ƙanena, wanda ya yi karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da ya ba ni shawarar in rufe fuskar komayen tattasai da tumatir da ɓuntun shinkafa domin ƙasa ta riƙe laima. Na yi rani guda cur ina amfani da shi, daga injinan casa biyu daban-daban, kuma abin da na gani ne zan faɗa.

Kayan farko daga wani babban injin casa na saye su a Kura, garin da casar shinkafa ta zama sana'ar kusan kowace unguwa. Ɓuntu yana kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, don haka duk inda ake casa da yawa, tsibinsa ba ya yankewa a bayan gini. Mai injin, wani dattijo mai fara'a, ya tambaye ni, "Malam, buhu nawa za a ɗura maka?" Na dubi tsibin, na tuno lambuna, na ce, "Alhaji, ashirin ai sun yi, har ma a samu ragowa." Ya yi murmushi bai ce komai ba. Da aka loda buhunan a akori-kura suka yi tozo har sama da kan direba, na dawo gida ina ganin ko maƙwabcina zan sam wa kaɗan.

Komaye ashirin da huɗu ne a lambun. Muka fara bazawa da yara bayan sallar asuba, kaurin yatsu uku kamar yadda ƙanen nawa ya ce, wato wajen santimita 5. Kafin rana ta yi zafi buhu na ƙarshe ya ƙare a kan komi na takwas. Goma sha shida suna nan a buɗe suna kallona.

Da daddare na kira shi a waya ina ƙorafin an ƙware ni a awo. Ya ce, "Yaya, ba wanda ya ƙware ka, ido ka auna da shi. Ɗauko tef da bokitin fenti." Lissafin da ya nuna mini ya fi ɓuntun kansa amfani a wurina, shi ya sa zan tsaya a kansa. Idan aka zuba lita ɗaya ta kowane irin abu, ƙasa ce ko taki ko ɓuntu, aka baje ta daidai a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, kaurinta milimita ɗaya ne kacal. Ke nan mai son kaurin santimita 5 yana buƙatar lita 50 a kan kowane murabba'in mita, wato babban bokitin fenti mai cin lita 20 sau biyu da rabi. Kowane komi nawa tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa mita ɗaya da rabi, murabba'in mita 6 ke nan, wanda zai ci bokiti 15. Komaye 24 za su ci bokiti 360, ko lita 7,200. Da gari ya waye na juye wani buhu da na aro cike daga wurin mai kiwon kaji, irin buhun da ake zuba masara, na same shi yana cin bokiti shida. A raba 360 gida shida, buhu 60 ne. Ni kuwa na sayo 20, kuma sun rufe kashi ɗaya cikin uku na lambun ba ƙari ba ragi, kamar dai lissafin yana yi mini dariya.

Abin da ke yaudarar ido shi ne tsibi yana da tsayi, shimfiɗa kuwa ba ta da shi. Mutum ya ga kaya sun kai masa ƙirji a tsaye, ba zai yarda cewa idan aka kwantar da su a fili za su ɓace haka ba. Akwai kuma kuskure na biyu da na kusa yi bayan na koyi awon, wato in auna lambun gaba ɗaya daga shinge zuwa shinge, alhali hanyoyin ruwa da gefunan komaye da wurin da injin yake zama ba a rufe su. Cikin komi kaɗai ake aunawa. Bishiyoyin gwaiba biyu da ke bakin rijiya ma na yi musu nasu lissafin daban: da'irar da ta fita mita ɗaya daga gindi ta kowane ɓangare ta ɗara murabba'in mita 3 kaɗan, wato kusan bokiti takwas kowace bishiya, ana barin tazarar tafin hannu tsakanin ɓuntun da jikin itacen don kada laima ta ruɓar da ɓawo.

Saura komaye 16, bokiti 240, buhu 40. Na ƙara huɗu a kai, ɗaya bisa goma, saboda abin da zai zube a hanya da wanda zai kwanta. A nan ne na yi ganganci na biyu. Kuɗin motar Kura ya fi kuɗin ɓuntun kansa, domin kaya ne marasa nauyi masu cin wuri, sai na koma wani ƙaramin inji da ke kusa da mu inda amalanke za ta iya ɗaukowa. Buhu 44 aka kawo, amma ɗurin sakaka ne, ba a danna ba, ba a girgiza ba, kuma da na gwada uku daga ciki kowanne bokiti biyar ya ba ni. Bokiti 220 ke nan maimakon 264 da na sa rai. Komaye 14 suka rufu, na goma sha biyar ya samu bokiti goma, na ƙarshe bai samu ko ƙwaya ba. Da na koma na yi magana, mai injin ya ce shi buhu ya sayar mini, ba bokiti ba, kuma a gaskiya ban da bakin musu, tunda ban yi sharaɗin ɗuri da shi ba tun farko.

Bambancin kayan biyu bai tsaya a yawa ba. Na Kura ɓuntu ne zalla, busasshe, mai ƙaiƙayi a hannu, daga shinkafar da aka turara kafin a casa, saboda haka duk ƙwayar da ta kuɓuce a ciki ta riga ta dahu, ba za ta tsira ba. Na ƙaramin injin kuwa a haɗe yake da dusa, domin irin waɗannan injina sukan fitar da ɓuntu da dusa ta baki ɗaya, kuma an gauraya da na ɗanyar casa. Bayan ban-ruwa biyu ya dunƙule ya yi ɓawo a sama, ya ɗauki zafi da warin tsami a ƙasa, tururuwa da kajin maƙwabta suka mai da komayen wurin kiwo, sannan cikin mako biyu shinkafa ta fara tsirowa tsakanin tattasai kamar na yafa ta da gangan. Irin wannan ya fi dacewa da masu kiwo. Ga mai lambu, sai ya damƙi kaɗan a hannu ya murza kafin ya biya, idan tafin hannunsa ya yi fari da gari, dusa ce a ciki.

Komin nan da ya rage a buɗe ya zame mini ma'auni ba tare da na shirya ba. A tsakiyar Maris shi sai an ba shi ruwa duk bayan kwana biyu, su kuwa takwas ɗin farko suna kai kwana huɗu, idan ka tura yatsa ƙarƙashin ɓuntun ka ji ƙasa da sanyi da danshi da tsakar rana. Ciyawa ta ragu ƙwarai a cikinsu, sai dai aya-aya, wadda ta huda santimita biyar ɗin ta fito kamar ba a zuba komai ba. Komin da ya samu bokiti goma, wanda kaurinsa bai wuce santimita uku da ɗan wani abu ba, ya riƙe laima daidai gwargwado amma bai hana ciyawa sosai ba, kuma daga nan na fahimci cewa da na bi shawarar wani maƙwabci da ya ce in baza buhu ashirin ɗin farko a kan lambun duka, da kaurin bai kai santimita biyu ba, da na yi asarar kuɗin mota a banza.

Yana da halayen da ya kamata mai saye ya sani. Busasshen ɓuntu ba ya jure iskar hunturu, rabin abin da muka baza a komin gefen gabas a shingen yamma muka tsince shi washegari, sai da muka koyi yayyafa masa ruwa da zarar an baza. Yana kuma tasowa a kan ruwa, idan aka saki ban-ruwa da ƙarfi sai ya kwashe shi ya tara a ƙarshen komi, don haka nake sa tsumman buhu da dutse a bakin mashiga in rage ƙarfin ruwan. Ba ya ruɓewa da wuri, wanda hakan alheri ne a saman ƙasa amma matsala ne a cikinta. Wani yaro da na ɗauka aikin cire ciyawa ya juya shi cikin ƙasa da fartanya a komi biyu, yana ganin taimako ya yi, ganyen tumatirin ya koma ruwan ɗorawa, domin ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna janye sinadarin naitirojin da shukar take buƙata, sai da na ƙara yuriya kafin ya farfaɗo. Kada kuma a bar wuta kusa da tsibinsa, yana ci a hankali daga ciki ba tare da harshe ba. Bayan mako shida na sake soka tsinke na auna, santimita biyar ɗin sun kwanta sun koma wajen huɗu.

Wannan awon na bokiti shi na bi da aka zo maganar takin tumaki na shirin ranin bana. A garinmu da mangala ake ciniki, ko da amalanke, kuma kowane jaki da girman mangalarsa. Ina son kaurin santimita 2 kafin a juya ƙasa, wato bokiti ɗaya a kowane murabba'in mita, 144 ga lambun duka. Na auna akwatin amalanken da zai kawo, tsawo mita 1.8, faɗi 1.2, zurfi 0.4, na ninka su uku na samu lita 864, bokiti 43 idan an cika shi daidai baki. Sawu uku ba za su isa ba, huɗu za su bar ragowa ga gwaibobin. Dattijon mai amalanken ya tsaya yana kallona da tef a hannu, ya ce, "Ɗan nan, tun kakanka nake kai taki gonar nan, ba a taɓa auna mini amalanke ba." Na ce, "Baba, ba kai nake aunawa ba, idona nake aunawa." Haka zan yi wa akwatin tifa ranar da zan sayi jar ƙasar cike kwarin da ke bakin rijiya.

Zan sake sayen ɓuntu, amma na turararriyar shinkafa, daga injin da ke raba shi da dusa, ko da kuɗin mota ya fi. Na riga na yi magana da Alhajin Kura a kan buhu 66, a danna kowanne, a ɗinke baki, kuma bokitin fentin yana cikin motar da za ta je ɗaukowa. Da na faɗa masa adadin a waya sai ya yi dariya ya ce, "Malam, bara ai ka ce ashirin har da ragowa."