Flames of War a kan tebura huɗu: yadda wasan ya ɗauki yaƙin Gazala

Flames of War wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur da ƙananan sojoji da tankokin roba, wanda kamfanin Battlefront Miniatures na ƙasar Niyuzilan yake fitarwa tun 2002, kuma bugu na huɗu na dokokinsa, wanda ya fito a 2017, ya soma ne da fagen Arewacin Afirka na Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'auninsa ɗaya bisa ɗari ne, wato soja ba ya wuce milimita 15, tankar Jamus ta Panzer III kuma ba ta kai tsawon yatsan manuni ba. An tsara shi domin mutum biyu a tebur mai tsawon santimita 180 da faɗin 120. Abin da nake so in auna a nan shi ne ko zai iya ɗaukar babban yaƙin hamada wanda mutum takwas ko goma za su buga a tebura da yawa a yini guda.

Yaƙin da ya fi dacewa da wannan gwaji shi ne na Gazala a Libiya, wanda ya fara ranar 26 ga Mayu 1942. Rundunar Birtaniya ta Takwas, ƙarƙashin Janar Ritchie, ta kafa sansanoni a warwatse daga gaɓar teku zuwa Bir Hakeim, tazarar kusan kilomita 80, kowanne an kewaye shi da nakiyoyi da waya mai ƙaya, shi kuwa Rommel, mai jagorantar dakarun Jamus da Italiya, ya zagayo ta kudu da daddare ya faɗo musu ta baya. Wannan tsari da kansa ya raba tebura: ɗaya na Bir Hakeim, inda sojojin Faransa na Janar Koenig, har da bataliyar 'yan Afirka daga Ubangi-Shari (Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yau), suka daure har daren 10 ga Yuni, ɗaya na Sidi Muftah, inda birged ta 150 ta Birtaniya ta tare hanya, ɗaya na filin da Rommel ya ja daga yana jingine da nakiyoyin abokan gaba, na huɗu kuma na sansanin Birtaniya mai suna Knightsbridge.

A ɓangaren sauri da sauƙin koyo, wasan ya cancanci yabo sosai. Kowace ƙungiyar dakaru tana da katinta mai ɗauke da gudunta da sulkenta da nisan makaminta, don haka wanda bai taɓa bugawa ba yana iya riƙe tankoki biyar bayan bayani kaɗan. Ana jefa 'ya'yan ludo masu fuska shida, kuma dabarar da ta fi burge ni ita ce wahalar samun mutum da harbi ta dogara ne ga ƙwarewar wanda ake harbi, ba ta mai harbin ba. Sojan da ya san yadda ake ɓuya sai an jefa huɗu ko fiye kafin a same shi, mai gaggawa kuwa uku ta isa. A hamada, inda babu daji babu gidaje, wannan ƙa'ida ɗaya tana bayyana dalilin da ya sa tankokin Crusader na Birtaniya suke ƙonewa idan suka ruga kan igwa, ba tare da an tara dokoki masu yawa ba. Tankar Grant ta ɓangaren Birtaniya ma, da bindigarta mai milimita 75 wadda ta ba Jamusawa mamaki ranar 27 ga Mayu, tana da irin wannan kwarjinin a tebur.

Matsala ta farko ita ce ta fili. Igwar Jamus mai milimita 88, wadda take fasa tanka daga nisan fiye da kilomita ɗaya, a wasan mita ɗaya take kaiwa, domin an matse nisa da gangan don komai ya shiga tebur. Wannan ba laifi ba ne a wasan mutum biyu, amma idan aka tara 'yan wasa da yawa kowa ya zo da dukan abin da ya mallaka, sai tankoki su jeru kafaɗa da kafaɗa kamar motoci a tashar Kano, hamadar ta ɓace gaba ɗaya. Yaƙin Gazala kuwa yaƙin zagaye ne, na rundunar da ke tafiya awa da awa ba ta ga kowa ba. A ganina mai shirya wasa dole ya taurara zuciya ya rage dakarun kowane tebur zuwa kusan rabin abin da aka saba, ya ajiye sauran a gefe har sai an kira su, ya kuma haɗa tebura biyu wuri ɗaya domin filin tankoki.

Matsala ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ta hana ni ba wasan cikakken yabo. Dokokin ba su damu da man fetur da ruwa ba, alhali su ne suka kusa hallaka Rommel. A ƙarshen Mayu motocin kayansa sun kasa isa gare shi, har shi da kansa ya jagoranci ayari ranar 29, kuma bai samu numfashi ba sai da Sidi Muftah ta faɗi ranar 1 ga Yuni, hanya ta buɗe ta cikin nakiyoyi. Idan aka buga tebura huɗu ba tare da wannan igiya da ke ɗaure su ba, wasanni huɗu ne kawai ake yi a ɗaki ɗaya. Gyaran yana hannun alƙalin wasa: ya riƙe taswirar fagen duka, ya ƙayyade cewa muddin Sidi Muftah tana tsaye tankokin Jamus na tebur na uku ba za su yi doguwar tafiya ba, kuma duk dakarun da aka tura Bir Hakeim an cire su ne daga wani tebur. Haka nan ya sa agogo, kowane ɓangare minti ashirin, a busa usur kowa ya tsaya, domin teburin da sojojin ƙasa suka yi yawa kullum yana jan ƙafa a bayan na tankoki. Kwamandan kowane ɓangare ya zauna nesa da tebura, saƙo ya riƙa zuwa masa a takarda, don ya yanke hukunci da labarin da ya riga ya tsufa kamar yadda Ritchie ya yi ta fama.

Kayan kansu suna da kyau. Tankokin roba suna haɗuwa da gam cikin sauƙi, fentin hamada kuma launi ɗaya ne ko biyu, saboda haka ana gama runduna da wuri. Fili ma ba ya cin kuɗi: yadi mai launin rairayi, littattafai a ƙarƙashinsa su zama tuddai, tsakuwa, da zaren waya a kan kwali domin nakiyoyi. Kuɗin yana ga yawan tankoki da kuɗin aiko su daga waje, don haka ya fi dacewa abokai su raba, wani ya ɗauki rundunar tankokin Italiya ta Ariete, wani Jamusawa, wasu Birtaniya da Faransa.

Ga ƙungiyar da take da mutum ɗaya mai shirin barin wasa ya zama alƙali, ya karanta tarihin makonni huɗun nan har zuwa faɗuwar garin Tubruk a hannun Rommel ranar 21 ga Yuni, ya rubuta ƙa'idar mai da ta agogo a takarda ɗaya, ina ba da shawarar Flames of War ba tare da jinkiri ba. Ƙungiyar da ba ta da irin wannan mutum gara ta tsaya a tebur ɗaya, ta fara da harin Ariete kan Bir Hakeim.