Garejin da Ke Bincike Kafin Ya Kwance Giya

Motata Toyota Camry ce ta 2003, kuma ta daɗe tana jinkirin shiga giya da safe, sannan ta yi fizga idan za ta sauya daga ta ɗaya zuwa ta biyu. Wasu sun ba ni shawarar sayen giyabos na Beljiyam a Ƙofar Ruwa, amma bakaniken wannan gareji na Kano ya ƙi taɓa ko da noti ɗaya sai da ya yi bincike.

Ya bar injin ya yi zafi, ya zaro sandar gwajin mai, ya nuna mini cewa man giyar da ya kamata ya kasance ja ya yi duhu, ko da yake bai yi ƙauri ba, alamar farantan kulocin ciki ba su ƙone ba. Na'urar gwaji ta nuna matsalar solanoid, wato bawul mai aiki da lantarki da ke sarrafa tafiyar man giya, ya kuma tabbatar da ita da mitar auna lantarki kafin ya sauya shi, ya sa sabuwar filta da man giya na Toyota mai suna T-IV.

Wurin ba shi da inuwar zama, aikinsa kuma yana cin lokaci, amma ina ba masu tsofaffin motoci shawarar zuwa.